Makonnin da Babu 'Yan Kallo

Duk wasan kwaikwayon da aka taɓa yi wa tafi a kan dandamali, sai da ya yi makonni ana yin sa babu mai kallo. A cikin waɗannan makonni ake haihuwar wasa, kuma yawancin waɗanda suka karɓi haihuwar ba a ganin fuskarsu ranar suna. Su ne mai kula da dandamali, mai fitilu, mai kayan sawa, mai tattara kayan aiki, kafinta, tela, makaɗi, da yaron da ke share fili ya yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Na yi aiki a cikinsu a Zariya ina ɗalibi a farkon shekarun 1980, na ci gaba da yi a wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta cikin gari bayan na fita makaranta. Yau idan ana lissafa abin da muka rasa tun da wasan dandamali ya ja baya a ƙasar Hausa, akan ambaci gidajen wasa da 'yan kallo da fitattun 'yan wasa. Ni abin da na fi jin rashinsa shi ne waɗannan makonni na gwaji.

Gidan wasan da muka koyi aiki a cikinsa ginin ƙasa ne. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru yake, an gama shi a 1976, shekara guda bayan Michael Etherton ya zo ya fara koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar, bayan aikin da ya yi a Zambiya. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine da ke koyarwa a can, Steven Ehrlich, shi ya zana shi, magina na gida suka ɗora tubali suka yi yaɓe. Fasalin gidan Bahaushe aka ɗauko: ɗakuna zagayayyu masu jinka, katanga ta haɗa su, ga fili a tsakiya. Darakta na iya sa 'yan wasa a tsakiyar filin 'yan kallo su kewaye su, yana kuma iya mayar da bakin wani ɗaki dandamali mutane su fuskanci can. Wannan fasali shi ya tsara mana aiki. Inda babu ƙaton labulen da za a ja a ɓoye hayaniya, dole duk abin da zai shiga ko ya fita ya zama an san hannun da zai ɗauke shi, da ƙofar da zai bi, da taku nawa ne daga nan zuwa can. Mai sauya kaya yana aiki ne a idon jama'a, don haka shi ma sai ya yi gwajin tafiyarsa, ya koyi ɗaukar turmi ya fita ba tare da ya janye hankalin mutane daga mai magana ba. Ginin ma da nasa haƙƙin. Katangar ƙasa tana son yaɓe kafin damina, jinka na son sabon shuci, gara kuma ba ta hutu. Ɗalibin da ya zo yana mafarkin fitowa a matsayin sarki, sau da yawa abin da yake fara riƙewa tsintsiya ce.

Ranar farko ta gwaji kowa na zaune a da'ira ɗaya, ba a ware 'yan wasa daga 'yan bayan fage. Kafin ranar an riga an sha wahalar takardu. Wani ya kwana yana buga wasan da tafireta a kan sitansil, an kai injin Gestetner an gurza, an jera shafuka a ƙasa ana tsinta ɗaya bayan ɗaya ana haɗawa. Takardun kan iso da ɗanyen tawada, duk wanda ya karɓa sai ya ga baƙi a yatsunsa. Darakta ya yi bayanin abin da yake hange, a raba matsayi, a fara karatu daga farko har ƙarshe ba tsayawa.

A wannan karatu kunnen ɗan wasa daban, kunnen ɗan bayan fage daban. Ɗan wasa na sauraron inda zai shigo da yawan maganarsa. Mu kuwa kaya muke saurare. Idan wani ya karanta, "Miƙo mini butar nan," sai ka ga fensir uku sun motsa a lokaci guda. Mai kayan aiki ya rubuta buta. Mai kula da dandamali ya rubuta tambaya: da ruwa a ciki ko babu? Domin idan da ruwa, kuma za a yi alwala ko wanke hannu a gaban mutane, ruwan zai zuba a dandaɓar ƙasa, ga shi a fitowa ta gaba wani dattijo zai durƙusa a daidai wurin da farar babbar riga. Mai kayan sawa ta riga ta hango taɓo a gwiwar rigar aro. To, ko a matsar da wurin alwalar gefe, ko a ajiye kasko ƙarƙashi, ko a sauya inda dattijon zai durƙusa. Maganar da ba ta wuce kalma huɗu ba a takarda ta haifi shawarar mutum uku, kuma za a warware ta tun saura makonni a buɗe ƙofa. Ranar wasa babu wanda zai san an taɓa yin wannan tunani. Zai ga dattijo ya tashi da rigarsa fes, shi ke nan.

Mai kula da dandamali yana da littafinsa, kuma ban taɓa ganin littafin da ake tsaro kamarsa ba. Yakan yanke shafukan wasan ya manna su a tsakiyar babban littafin rubutu, ya bar fili a kowane gefe. A gefe ɗaya yana rubuta motsi: ta shigo ta ɗakin gabas, ta zauna kan turmi, ya juya mata baya a kan kalma kaza. A ɗaya gefen yana rubuta alamun fitila da na kiɗa. Da fensir ake rubutun, don abin da darakta ya tsayar ranar Litinin yana iya rushe shi ranar Alhamis. A ƙasa kuma yana zana iyakokin ɗaki da alli ko toka, inda ƙofa za ta tsaya, inda gado zai zauna, tun kafinta bai sayo katako ba. 'Yan wasa su yi ta ratsa bangon da babu shi, shi kuma ya yi ta cewa, "Malama, kin bi ta cikin bango, ga ƙofa can." Kafin mako ya zagayo ƙafafunsu sun haddace gidan. Idan gardama ta tashi a kan ko jiya ta hagu aka fita ko ta dama, ba a tambayar darakta, littafin ake buɗewa. Daga ranar da aka fara nuna wasa kuwa, darakta ya gama nasa, ya koma cikin 'yan kallo ya zauna. Ragamar tana hannun mai littafi.

Kuɗin shirya wasa kullum kaɗan ne, saboda haka rabin aikin mai kayan aiki yawon aro ne. Kasuwar Samaru, Sabon Gari, Tudun Wada, har cikin birni, ana neman tulu, akushi, buzu, allo, gafaka, tsohuwar fartanya, takobi mai kube. Abin da ba a samu aro ba a kai wa maƙeri ko kafinta ya kwaikwaya. Kowane abu a rubuta sunan mai shi da ranar mayarwa, domin wanda ka ɓata wa kaya bana ba zai buɗe maka ƙofa baɗi ba, kuma ba kai kaɗai zai rufe wa ba, har waɗanda za su zo bayanka.

Wannan yawon aro ya yi wa wasanninmu wani amfani da ba mu shirya ba: ya jawo mutanen gari cikin gwaji. Akwai wata tsohuwa da muka je aron akushi wurinta, baƙin akushi mai sheƙi wanda hannu ya goge shekara da shekaru.

"Ɗan nan, me za ku yi da shi?"

"Wasa za mu yi, Inna."

"Da akushin uwata za ku yi wasa?"

Sai da aka yi mata dogon bayani ta yarda, da sharaɗin za ta zo ta ga inda za a ajiye shi. Ta zo da la'asar, aka shimfiɗa mata tabarma. Aka zo wurin da matar gida ke kawo wa baƙon mijinta abinci. Yarinyar da ke wasan ta taso a bariki, ta shigo a tsaye, ta ajiye akushi, ta buɗe faifai, ta tsaya tana jiran maganarta ta gaba. Tsohuwa ta ɗaga hannu.

"'Yata, zo nan. Ba a buɗe wa baƙo abinci. Durƙusawa za ki yi, ki ajiye a rufe, ki gaishe shi kanki a ƙasa, ki ja da baya. Shi zai buɗe in kin fita."

Darakta ya ce a sake yadda Inna ta faɗa. Da aka sake, sai aka ga maganar da matar za ta yi ba ta zauna ba, don mace a wannan hali ba za ta tsaya doguwar magana gaban baƙo ba. Aka mayar da maganar bakin ƙofa, tana faɗa wa mijinta ƙasa-ƙasa bayan ta kira shi gefe. Fitowar ta fi yadda aka rubuta ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai littafi ya goge, ya sake rubutawa. Irin wannan gyara ba ya zuwa sai da lokaci, da ƙofa a buɗe, da wanda ya san abin ya samu wurin zama ya ce ba haka ake yi ba.

Haka batun rawani. Ɗalibi na iya naɗe kansa da yadi ya ce ya zama hakimi, amma 'yan kallon Zariya sun san naɗi. Naɗin malami daban, na attajiri daban, mai kunne biyu kuwa ba na kowa ba ne, na jinin sarauta ne. Akan nemo wanda ya iya daga cikin birni ya zo ya koya wa mai kayan sawa, ita kuma ta yi ta maimaitawa a kan ɗan wasan har ta iya gamawa cikin ɗan lokacin da ke tsakanin fitarsa da komowarsa. Ɗan wasan ma sai ya saba da magana ta bayan amawali ba tare da muryarsa ta shige ba. Shi ya sa ake sa masu manyan kaya su fara gwaji da su tun da wuri. Babbar riga tana sauya tafiyar mutum da zamansa da yadda yake ɗaga hannu, kuma wanda ya fara saka ta daren wasa, rigar ce za ta yi wasa da shi.

Fitilu su ne suka fi cin rai. Na ainihi kaɗan ne, ana lallaɓa su, sauran kuwa ƙwan lantarki ne a cikin manyan gwangwanaye da aka huda aka ɗaure da waya, a rufe bakin da takarda mai launi wadda zafi ba ya saurin cinyewa. Mai fitilu ba ya samun filin sai kowa ya tashi, don haka aikinsa na tsakar dare ne, yana kan tsani, wani na tsaye a ƙasa a matsayin ɗan wasa yana cewa a ɗan sunkuyar, a ɗan karkata. Kuma duk wannan wahala wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar wasa. Saboda haka akwai fitilun ƙwai da na gas a kunne a ɓoye cikin ɗaki, kowace da wanda zai ɗauko ta da inda zai tsaya, kuma akan ware dare guda a kashe wuta da gangan a gwada. 'Yan wasa su ci gaba da magana a cikin duhu, haske ya shigo daga kusurwoyi, wasa bai tsaya ba. Wannan fanni yana da manyansa a lokacin. Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad wanda ya ƙware a fasahar dandamali da haske, ya yi aiki a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta jami'ar, kuma shi da Umaru Ladan suka mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975. Ina ganin ba banza ba mutumin da ya san fitila da katako ya kasance cikin masu wannan aiki, domin labarin da ya ratsa hamada da ayarin raƙuma ba ya hawa dandamali sai da wanda ya san yadda haske da sauti za su tsaya a madadin abin da ba za a iya kawowa ba.

Makaɗi kuma ba ruwansa da takarda. Mai kalangu yakan fara zuwa tun mako na biyu, ya zauna gefe yana kallo, ba ya taɓa komai. Sannu a hankali sai ya gane numfashin kowane ɗan wasa, ya san wannan yakan ja kafin ya fashe da faɗa, waccan takan yi sauri idan ta tsorata. Ranar da ɗan wasa ya manta magana, kalangu ne ke rufa masa asiri har ta dawo masa.

Lokacin gwaji sallah ce ke yanka shi. A fara bayan La'asar, a tashi da kiran Magariba, waɗanda ke da sauran aiki su dawo bayan Isha'i. Raka 'yan mata masauki idan dare ya yi yana cikin aikin bayan fage, ko da ba a rubuta shi a littafi ba. A ƙungiyar gari abin ya fi haka nauyi. Kafin yarinya ta shigo gwaji sai manyan ƙungiya sun je zauren mahaifinta. "Alhaji, alfarma muka zo nema." A faɗa masa labarin wasan, da matsayin da za ta fito, da lokacin da za a dawo da ita gida, da wanda zai dawo da ita. Wasu su yarda, wasu su ce a yi haƙuri, kuma wanda ya yarda amana ya ba da, wadda saɓa ta sau ɗaya kan rufe ƙofar unguwa gaba ɗaya. Irin waɗannan ƙungiyoyi da makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai su suka riƙe wasannin da aka buga a littafi, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Muhammad Sada. A haɗa teburan aji a yi dandamali, a ɗinke zannuwan gado a yi labule, a ɗaura wa yaro gemun auduga irin na 'yan tashe.

Akwai kuma wasannin da ba su da takarda ko kaɗan. A 1977 malamai da ɗaliban Samaru suka fita Soba da abin da aka kira Wasan Manoma, daga baya aka je Maska da Bomo. A irin wannan aiki gwaji yana farawa ne da sauraro. A zauna da manoma a ji zancen taki da bashi da dillalai da rikicin gona, a dawo a gina fitowa a kai, a koma a nuna musu tun bai nuna ba, su ce wannan haka yake, wannan kuwa ƙarya kuka yi. Ɗan bayan fage a nan shi ne mai zuwa gaida dagaci tun kafin kowa, mai neman inuwar da za ta ɗauki jama'a, mai tambayar ranar kasuwa da lokacin da mata ke samun sararin leƙowa, mai tabbatar da mota da ruwan sha. Abin da tsohuwa mai akushi ta yi mana bisa katari, a nan shi ne tsarin aikin gaba ɗaya. A Nijar ma, zamanin Seyni Kountche, ƙungiyoyin samariya sun riƙa shirya wasanni da Hausa don gasar bikin matasa na ƙasa, suna gina labari tare a bakin gwaji, kuma daga wannan zamani ne sunan Yazi Dogo ya zagaye ƙasar Hausa ta ɓangarori biyu na iyaka.

Sauyin bai zo dare ɗaya ba. Rediyo da talabijin sun riga sun koya wa mutane zama a gida su sha dariya. Samanja na Usman Baba Pategi da Karambana na Kasimu Yero sun shiga kowane gida mai akwati, kuma 'yan wasan wannan zamani gwanaye ne na ƙirƙirar magana nan take, domin sun daɗe tare sun san juna. Sai 1990, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Cikin 'yan shekaru ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka rikiɗe kamfanonin fim, waɗanda ba su rikiɗe ba suka watse. Ba na zargin kowa a kan haka. Dandamali bai taɓa ciyar da mu ba. Mai fitilun da ya kwana kan tsani ladansa shayi da burodi ne da godiyar darakta. Fim ya mayar da wannan wahala sana'a: mai haske, mai kwalliya, mai kayan sawa, mai ɗaukar sauti, duk suna komawa gida da abin cefane, wasu sun yi aure sun gina gida da shi. Ya kuma kai labarin Bahaushe Agadas da Kumasi da Kartum, inda wasanmu na fili ba zai taɓa zuwa ba. Wanda ya ce a koma baya bai san yunwa ba.

Amma fim ya zo da nasa tsarin, kuma gwaji ne ya fara faɗuwa a cikinsa. A lokeshin kowace awa kuɗi ce: hayar gida, hayar kyamara, man janareto, abincin jama'a. Ba a ɗaukar labari a jere, duk fitowar da ta shafi falo ɗaya a ɗauke ta rana ɗaya, ko da farkon labari ce da ƙarshensa. Jarumi ya iso daga wani lokeshin, a karanta masa abin da zai faɗa, a maimaita sau ɗaya ko biyu, a ce akshin. In ya kuskure a ce kat a sake, abin da ya rage edita ya gyara. Sau da yawa bai karanta labarin gaba ɗaya ba, wani lokaci ranar ya fara haɗuwa da wadda za ta fito a matsayin uwarsa. Da finafinai masu dogon zango suka kankama, a Arewa24 da ta fara aiki a 2014 da kuma YouTube, matsin ya ƙaru, domin kowane mako masu kallo na jiran sabon kashi.

Akwai daraktocin da ke yin aiki da natsuwa duk da wannan matsi, kuma ana ganin bambancin a aikinsu. Sai dai ana ganin ɗaya ɓangaren ma. Ka ga hakimi da naɗin da ba nasa ba. Ka ga ɗakin tsohuwar ƙauye da kayan da ba ta taɓa mallaka ba. Ka ji dattijo da saurayi da malami da ɗan kasuwa duk suna magana da baki ɗaya, bakin marubucin, domin babu makonnin da ɗan wasa zai tauna maganar ya mayar da ita tasa. Ba ƙarancin basira ba ne, yaran yanzu suna da ita, kuma sun fi mu sanin na'ura. Abin da babu shi ne wurin da kuskure zai fito fili tun yana da arha, a gaban tela da kafinta da tsohuwar unguwa, kafin a naɗe shi a watsa wa duniya. Yanzu gyaran yana zuwa ne bayan fim ya fita, a bakin masu sharhi a waya, lokacin da ba ya amfanar aikin sai ɓacin rai.

Wasu dalilan ja bayan dandamali ba su da alaƙa da kyamara. Taron dare a fili ya zama abin da iyaye ke tsoro tun da tsaro ya taɓarɓare, kuma hanyoyin ƙauyuka da dama da ɗalibai ke bi da mota a buɗe yanzu sai an yi shawara kafin a bi su. Zaurukan taro da yawa sun gano biki ya fi wasa kawo kuɗi. Ƙungiyar da ke son fili na wata guda don gwaji, ba ta da abin biya, ba ta da inda za ta dosa.

Inda abin ya rage da rai shi ne jami'o'i da kwalejoji, wurin ɗaliban da dole su shirya wasa don jarrabawa. Nakan leƙa idan na samu dama, kuma abubuwa da yawa sun yi musu sauƙi, ina taya su murna. Wasan yana zuwa wa kowa a WhatsApp, babu sitansil babu tawada. Fitilun zamani ba su da nauyi, ba su da zafi, suna sauya launi da taɓa maɓalli, wasu ma da caji suke aiki, ɗaukewar wuta ba ta tsorata su. Wanda bai zo gwaji ba a tura masa bidiyon abin da aka yi. Abu ɗaya ne ke damuna, shi ne kiɗan da ake saki daga kwamfuta. Na ga yarinya tana tsakiyar kuka na gaske, irin wanda ba ya zuwa kullum, sai ta katse shi ta miƙe don sautin da aka naɗa ya kai inda zai sauya. Da mai kalangu ne, da ya jira ta. Na kuma ga mai kula da dandamali, wata ɗaliba, riƙe da littafi mai fili a gefe da fensir a bayan kunne, tana gaya wa wani ƙato cewa ya bi ta cikin bango. Wani ya koya mata, wanda shi ma wani ya koya masa.

Ta haka wannan ilimi yake tafiya, hannu da hannu, kuma nan ne rauninsa. Wasannin da aka buga suna nan a ɗakunan karatu, kowa na iya ɗauka ya karanta abin da aka faɗa. Yadda aka tsayar da su a gaban mutane kuwa yana cikin littattafan fensir na masu kula da dandamali, da zanen masu fitilu, da takardun aro, kuma waɗannan akwatin gida suke ƙarewa, gara da damshi su gama da su. Mutanen da suka yi aikin a shekarun 1970 da 1980 sun manyanta, ana rasa su ɗaya bayan ɗaya, kuma masu bincike sun fi zuwa wurin marubuta da fitattun 'yan wasa. Ina so sassan koyar da wasan kwaikwayo da na Hausa su tura ɗalibansu da rikoda wurin waɗannan dattawa, a Zariya da Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato da Damagaram, a karɓo abin da ya rage na takardunsu a ɗauki hotonsu, a ajiye a wurare irin su Gidan Arewa a Kaduna ko Gidan Ɗan Hausa a Kano. Tambayoyin ba masu wuya ba ne: fitila nawa kuka yi aiki da su, ina kuka rataye su, wa ya ɗinka rigunan, wa ya ba ku aron takobi, mako nawa kuka yi kuna gwaji, me aka sauya a mako na uku kuma wa ya ce a sauya.